Bidiyon Raɗa da Ƙwanƙwasa: Me Ya Sa Wani Ke Barci, Wani Kuma Ransa Ke Ɓaci?

In akwai saurayi ko budurwa mai babbar waya a gidanku, wataƙila kun taɓa leƙawa kuka ga abin mamaki: mace ta kusanto da bakinta ga makirfo tana raɗa, ko hannu kaɗai yana ƙwanƙwasa kwalba da farce, ko ana yanka sabulu siri-siri da wuƙa. Babu waƙa, babu labari, babu wa'azi. Yaro ya saƙala abin saurare a kunne, kafin minti goma ya yi barci. Kai kuwa da ka karɓa ka saurara, sai ka ji kamar ana jan tukunyar ƙarfe bisa siminti, ka miƙa masa wayarsa kana tsaki.

To, cikinku babu mai ƙarya. Sautin ɗaya ne ya shiga kunnuwa biyu, amma ƙwaƙwalwar kowa ta ba shi fassara dabam. Ga bayanin abin da aka sani a kai.

Mene ne wannan abu?

Sunan da aka san shi da shi a duniya haruffa huɗu ne, ASMR. A taƙaice ana nufin wani yarr mai daɗi da ke tasowa da kansa daga tsakiyar kai, ya gangaro ƙeya, ya bi wuya da kafaɗu, wani lokaci har gadon baya, tare da natsuwa da mutuwar jiki irin ta mai shirin barci. Ya yi kama da tashin tsikar jiki da mutum ke ji in ya saurari murya mai daɗi, sai dai wancan yana zaburar da mutum, wannan kuwa kwantar da shi yake yi.

Abubuwan da suka fi tayar da shi su ne raɗa, magana a hankali, ƙwanƙwasa itace ko kwalba, motsin takarda ko leda, taje gashi, zuba ruwa, da kallon mutum yana wani aikin hannu a tsanake. Akwai kuma bidiyon da mai yin sa ke kwaikwayon likita ko mai aski, yana magana da kai kamar kai kaɗai ne a gabansa.

Mutane sun kasu uku a nan. Akwai mai jin wannan yarr ɗin. Akwai wanda ba ya jin komai, sai dai ya ce ɓata mega ne kawai. Akwai kuma wanda abin ke tayar masa da hankali.

Daga ina ya fito?

Jin abin tsoho ne, sunan ne sabo. A shekarar 2007 wasu mutane suka fara tambayar juna a intanet game da wani daɗi da suke ji a kai tun suna yara, wanda ba su san sunansa ba. A 2009 aka fara saka bidiyon raɗa zalla a YouTube. A 2010 wata Ba'amurkiya mai suna Jennifer Allen ta laƙaba masa sunan ASMR, don mutane su iya maganarsa ba tare da jin kunya ba.

Da yawa daga cikin masu jin abin a Amurka sun ce sun fara lura da shi ne wajen kallon wani mai zane, Bob Ross, wanda ya yi shiri a talabijin daga 1983 zuwa 1994. Mutum ne mai sanyin murya, yana zane yana magana a hankali, ana jin ƙarar burushinsa bisa allo. Shi koyar da zane ya fito yi, amma yara da yawa barci suke yi a gabansa.

Yau bidiyon irin wannan sun kai miliyoyi a YouTube da TikTok, cikin harsuna barkatai. Masu yin su kan yi aiki da makirfo biyu, wani lokaci an ƙera su da siffar kunnen mutum, ɗaya dama ɗaya hagu. Shi ya sa in ka saƙala abin saurare sai ka ji kamar mai maganar yana zagaya kanka, yanzu yana kunnen dama, an jima ya koma na hagu.

Mu ma mun san shi, suna ne ba mu ba shi ba

Ku tambayi mata: sau nawa yarinya ke gyangyaɗi a kan cinyar mai kitso, in an gama tsifa ana tsaga gashi da tsinke a hankali? Ku tambayi maza: wa bai taɓa lumshe ido ba a hannun wanzami, lokacin da yake wasa aska kusa da kunne, ya shafa ruwa, ya dafa kai ya juya shi sannu? Ga uwa mai rarrashin jariri, tana bubbuga bayansa tana magana ƙasa-ƙasa. Ga yayyafin damina bisa rufin kwano da tsakar dare. Ga ƙarar tankaɗe da shiƙa daga nesa, da hantsi, mutum yana kwance a inuwa.

Duk waɗannan suna da abu uku iri ɗaya: sauti ne marar ƙarfi, yana maimaita kansa, kuma yana zuwa a wurin da mutum ya aminta babu abin da zai same shi. Abin da masu bidiyo ke ƙoƙarin kwaikwaya ke nan, su zuba shi cikin waya.

Abin da masu bincike suka auna

Binciken farko da aka wallafa ya fito a 2015 daga Jami'ar Swansea ta Birtaniya. Emma Barratt da Nick Davis sun tambayi mutum 475 masu jin abin. Kashi 75 cikin 100 suka ce raɗa ce ke tayar musu da shi, kashi 69 suka ce kulawa ta kusa, irin ta mai aski ko likita, kashi 64 suka ce sauti mai ƙaras-ƙaras. Da aka tambaye su dalilin kallo, kashi 98 suka ce don su huta, kashi 82 don su samu barci, kashi 70 don rage damuwa. Kashi 5 kaɗai suka danganta shi da sha'awa. Wannan adadi na ƙarshe yana da amfani ga iyayen da ke zargin duk bidiyon raɗa batsa ne.

Amma faɗar baki daban, awo daban. A 2018 Giulia Poerio da abokan aikinta a Jami'ar Sheffield suka zaunar da mutane a ɗakin gwaji, masu jin abin da waɗanda ba sa ji, suka nuna musu bidiyo suna auna bugun zuciyarsu. Na masu jin abin ya sauka da kimanin bugu 3 a minti, fiye da yadda na sauran ya sauka. A lokaci guda kuma awon gumin fata ya nuna jikinsu a farke yake. Wato natsuwa ce haɗe da ɗan motsin rai, ba kasala kawai ba.

A wannan shekarar dai, a Kwalejin Dartmouth ta Amurka, aka shigar da mutum 10 cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna kallon bidiyon. Lokacin da suka ce yarr ɗin ya zo, sassan da suka motsa su ne masu kula da jin daɗi da kuma shaƙuwa tsakanin mutane. Mutum goma ba su da yawa, amma sakamakon ya yi daidai da abin da masu kallo suka daɗe suna faɗi: suna ji kamar wani ne ke kula da su.

A Kanada kuma, wani bincike na 2017 a birnin Winnipeg ya kwatanta halayen masu jin abin da na sauran mutane. Ya gano masu jin sun fi son gwada sabon abu, kuma sun fi saurin shiga damuwa. Wannan na iya zama dalilin da ya sa su ne suka fi neman abin da zai kwantar musu da hankali da dare.

Me ya sa raɗa musamman?

Ɗora yatsu a maƙogwaronka ka ce "aaa" da ƙarfi, za ka ji yana rawa. Yanzu faɗe shi da raɗa, rawar ta tsaya, iska ce kawai ke fita. Shi ya sa raɗa ba ta tafiya nesa. Duk wanda ka ji raɗarsa sarai, to yana dab da kai.

Tun muna jarirai ƙwaƙwalwa ta koyi wannan darasi. Waɗanda ke kusanto kunnenmu haka su ne uwa, kaka, yaya, daga baya miji ko mata. Masana da dama suna ganin bidiyon raɗa yana taɓo wannan tsohuwar hanya ce ta kulawa, irin wadda ake gani har ga birai in suna tsince wa juna gashi, wanda ake tsincewa ya saki jiki. A fatar mutum ma akwai wasu jijiyoyi da suka fi amsa shafa ta sannu, kamar santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa, gwargwadon saurin hannun uwa a bayan ɗanta. Bidiyon ba ya taɓa ka, amma sauti da hoto suna sa ƙwaƙwalwar wasu ta yi kamar an taɓa.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙa. Kusanci daga wanda ka yarda da shi hutu ne. Kusanci daga baƙo kutse ne. In ƙwaƙwalwarka ta karɓi mai raɗar nan a matsayin mai kula da kai, sai jiki ya saki. In ta ɗauke shi baƙon da ya manna baki a kunnenka ba izini, har kana jin motsin leɓensa da miyau, sai jiki ya ɗaure, ka ji kana son ture shi.

A wurinmu kuma raɗa tana da wani nauyi na daban. In mutum biyu suka haɗa kai suna ƙus-ƙus a taro, abin da ke fara zuwa zuciya gulma ce. Addini ma ya hana mutum biyu su keɓe da ganawa su bar na ukunsu, don kada ransa ya sosu. Dattijon da ya tashi da wannan tarbiyya, in ya ga baƙuwar mace tana raɗa a wayar ɗansa, ba abin mamaki ba ne ya ƙi abin tun kafin ya saurara.

In haushin ya wuce misali

Akwai bambanci tsakanin "ba na so" da "ba zan iya jurewa ba". Wasu mutane, in suka ji taunar abinci, kurɓar koko, ƙas-ƙas na cingam, jan majina ko numfashi mai ƙara, fushi ne ke taso musu nan take, zuciya ta buga, gumi ya karyo, su ji ko su tashi su bar wurin ko su yi faɗa. Wannan yana da suna a likitance, misofoniya, ma'ana ƙin sauti. Wasu masana ji su biyu, Pawel da Margaret Jastreboff, su suka ba shi sunan a 2001. Galibi yana farawa tun yarinta ko farkon balaga.

Ya bambanta da ciwon da ke sa kowace ƙara mai ƙarfi ta yi wa kunne zafi. Mai misofoniya yana iya zama kusa da injin niƙa lafiya lau, amma taunar goron mutum ɗaya ta hana shi sukuni.

A 2017 Sukhbinder Kumar da abokansa a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka gwada mutum 20 masu wannan matsala da 22 marasa ita. Suka sa musu sauti iri uku: na yau da kullum kamar ruwan sama, marar daɗi ga kowa kamar kukan jariri da ihu, sai kuma na tauna da numfashi. A iri biyun farko, duka ƙungiyoyin kusan ɗaya suka amsa. Da aka zo kan tauna, sai wani sashe na ƙwaƙwalwar masu misofoniya, wanda aikinsa shi ne ya ce "wannan abu mai muhimmanci ne, a kula", ya tashi fiye da kima, bugun zuciya da gumi suka ƙaru. A 2021 ƙungiyar ta sake gano cewa a irin waɗannan mutane akwai alaƙa mai ƙarfi tsakanin sashen ji da sashen da ke motsa baki da maƙogwaro, kamar dai taunar wani tana shiga bakinsu ba da sonsu ba.

Kuma ba ƴan kaɗan ba ne. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2023 ya kiyasta kusan kashi 18 cikin 100 na mutanen ƙasar suna da alamun da ke takura musu a rayuwa, kuma mafi yawansu ba su taɓa jin sunan abin ba.

Yanzu ku duba: tauna, motsin leɓe, numfashi, ƙwanƙwasa. Sautukan da ke tayar da misofoniya su ne dai ake sakawa a bidiyon kwantar da hankali. Har akwai nau'in bidiyo na cin abinci gaban makirfo, wanda ya yaɗu daga Koriya ta Kudu. Wani da shi yake barci, wani ko daƙiƙa biyar ba zai iya ba. Abin da ya fi ban mamaki, bincike ya nuna masu jin yarr na ASMR sun fi sauran mutane samun alamun misofoniya. Mutum guda yana iya narkewa da ƙarar taje gashi, ya kuma tashi daga kan tabarma saboda taunar ƙanensa. Kunne ne mai saurin kama ƙananan sautuka, ta kowace fuska.

Abubuwa huɗu da ke juya sauti

Na farko, wa ke yin sa. Masu misofoniya ba sa damuwa da taunar kansu, kuma ta jariri ko ta dabba ba ta cika damunsu ba. Ta mutanen gida ce ta fi zafi.

Na biyu, me ka ɗauka ne. An gwada sa wa mutane ƙarar tauna tare da hoton wani abu dabam da zai iya ba da irin wannan ƙara, sai ƙyamar ta ragu. Sautin bai canza ba, labarin da ido ya ba ƙwaƙwalwa ne ya canza.

Na uku, iko. Mai kallon bidiyo shi ya zaɓa, shi ke da maɓallin kashewa. Wanda ke kwance kusa da mai minshari ba shi da maɓalli.

Na huɗu, halin da jiki ke ciki. Gajiya, yunwa, rashin barci da damuwa suna rage haƙurin kunne. Ƙarar da ka jure da safe, da dare tana iya ƙure ka.

Abin yi a cikin gida

Mu da ke cin tuwo kwano ɗaya, mu kwana ɗaki ɗaya, wannan magana ta shafe mu. Yarinyar da ke ɗaukar abincinta ta koma gefe duk lokacin da aka zauna ci, kafin a ce girman kai ne ko raini, ko a fara zancen iska, a tambaye ta a hankali me take ji. In ƙarar tauna ce, tilasta mata zama da duka ko gori ba ya warkarwa, sai ma ya ƙara. A bar ta ta zauna nesa kaɗan, ko a kunna rediyo lokacin cin abinci don ƙarar ta nutse a ciki. Ita ma a koya mata ta faɗi damuwarta da ladabi, don mai taunar bai yi da gangan ba. Babu ƙwayar magani da aka keɓe wa misofoniya, amma a Amsterdam ta ƙasar Holan an gwada zaman tattaunawa da likitan halayya, wasu suka samu sauƙi. In abin ya kai ga hana zuwa lakwal ko ya haddasa faɗa kullum, a je asibiti a yi bayani.

Haka shi ma mai saurare don barci, a bar shi da abinsa. Ƴan uwanmu da ke ci-rani a Legas, Abijan, Akara ko Aljeriya, mutum takwas a ɗaki guda, ga kewar gida ga ƙarar titi, in ɗayansu ya samu barci da sautin ruwan sama a kunne, bai yi laifi ba. Shi ma dai kada ya buɗe wa ɗaki duka, don na kusa da shi wataƙila irin ɗayan ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Hattara guda biyar

Kunne: raɗa ba ta da ƙarfi, sai mutum ya ƙure sautin waya, can cikin barci talla ko wani bidiyo ya fashe masa a kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sautin waya ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfinsa. A goge abin sauraren, kuma a rage aron na wani, don gudun ciwon kunne.

Haske: kallon allo da dare yana iya korar barcin da ake nema. A kife wayar, a saurara kawai, a sa mata lokacin kashe kanta.

Mega: bidiyon awa guda yana cinye kuɗi. A sauke sauti ɗaya inda aka samu intanet mai sauƙi, a riƙa maimaita shi.

Yara: mafi yawan bidiyon ba su da aibu, amma akwai masu fakewa da sunan ASMR suna saka abin da bai dace ba. Iyaye su riƙa duba abin da ƙananan yara ke buɗewa.

Lafiya: masu kallo da yawa sun ce in suka yawaita, yarr ɗin yana dushewa sai sun huta kwana biyu. Kuma bidiyo ba ya maye gurbin likita. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ko baƙin ciki ya danne shi har ya daina cin abinci da shiga mutane, ko yake jin ƙara a kunne ba dare ba rana, ya je a duba shi.

Mai son gwadawa ya zaɓi dare mai shiru, ya rage sauti, ya fara da ruwan sama ko taje gashi kafin raɗa. In jiki ya saki, madalla. In ran ya fara ɓaci, a kashe, babu dole. Allah ya ba mu barci mai daɗi da zaman lafiya a gidajenmu.